Shikal: Ƙauyen Kurfai da ya tayar wa Turawan Faransa hankali shekara 100 da suka wuce

Sai mutum ya ƙura ido a taswirar Nijar kafin ya ga sunan Shikal. Ƙauye ne na manoman gero da wake a ƙasar Kurfai, kimanin kilomita 20 kudu maso gabashin Filinge, a jihar Tilaberi. A takardun hukuma ana rubuta shi Chical ko Chikal, kuma a nan ne mazaunin ƙaramar hukumar Kourfeye Centre yake, wato Kurfai ta Tsakiya.

Duk da ƙanƙantarsa, sunan ƙauyen ya shiga littattafan masana a Faransa da Ingila da Amurka fiye da na wasu manyan garuruwa. Abubuwa biyu ne suka jawo haka. Na farko shi ne boren da ya tashi a can a shekarar 1925, wanda Hausawa ke kira Babule, duniya kuma ta san shi da sunan Hauka. Na biyu shi ne wata fasahar ginin ƙasa da ba ta bukatar itace, wadda aka fara gwadawa a ƙauyen a shekarar 1980 kafin ta bazu zuwa wasu ƙasashen Sahel.

A shekarar 2025 ne boren Babule ya cika shekara 100. Waɗanda suka gani da idonsu sun riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansu da suka ji daga bakinsu kuma tsufa ya kama su. Matasan yankin da dama suna Yamai ko Legas ko Abijan ko Libiya wajen bida, matsalar tsaro kuma ta rage zirga-zirga. Abin da ake gudu shi ne a wayi gari ɗan Kurfai sai ya koyi Faransanci ko Turanci kafin ya san labarin garinsu.

Hanya da yanayin ƙasa

Daga Yamai zuwa Filinge tafiyar kimanin kilomita 180 ce a kan babbar hanya mai lamba 25, wadda ta ratsa Baleyara da Bonkuku. Daga Baleyara zuwa gaba, hanyar tana bin wani dogon kwari da ake kira Dallol Boso. Tsohon kogi ne da ya ƙafe dubban shekaru da suka wuce, ya faro daga yankin Azawak a arewa, ya gangaro kudu har ya haɗu da kogin Kwara.

Wannan kwari shi ne ran yankin. A cikinsa ruwa ba ya da nisa a ƙarƙashin ƙasa, don haka ake samun rijiyoyi marasa zurfi da garake da itatuwan gawo da goriba. A gefensa kuwa akwai jerin jajayen duwatsu masu kai a baje kamar tebur, bayansu sai faƙo da jigawa, inda sai an yi haƙa mai zurfi kafin a tarar da ruwa. Ruwan sama a wannan yanki bai cika wuce milimita 300 zuwa 400 ba a shekara, kuma cikin wata uku zuwa huɗu yake sauka. Idan damina ta makara ko ta ɗauke da wuri, shekarar ta tafi ke nan.

Shikal kansa tarin ƙauyuka ne da ke kusa da juna, kowanne da ƙarin suna a bayansa, kamar Shikal Shinyasu da Shikal Kore. Shinyasu ne hedikwatar ƙaramar hukumar, wadda aka ƙirƙiro a gyaran fuskar mulki na 2002, lokacin da aka rarraba tsohon kanton Kurfai zuwa ƙananan hukumomi, ciki har da Filinge da Abala da Sanam. An yi zaɓen kansiloli na farko a 2004.

Su wane ne Kurfayawa?

Kurfayawa Hausawa ne, kuma su ne ke zaune a ƙarshen ƙasar Hausa ta arewa maso yamma. Daga nan idan aka nausa yamma ko kudu sai Zabarmawa, idan aka yi arewa sai Buzaye da Fulani makiyaya. Zabarmawa na kiran su Sudiye, kuma da yawa daga cikinsu suna jin harsunan biyu, abin da auratayya da cinikayya suka haifar tun kaka da kakanni.

Riwayoyin baka da masana suka tattara sun nuna cewa daga gabas suka zo, ta wajen Adar, suka kafa ƙauyuka a bakin kwarin a wajajen ƙarni na 18. Daga cikin garuruwan yankin akwai Shikal da Icigin da Luma da Tunfalis da Filinge kanta.

Wani abu da ya bambanta Kurfai da Katsina ko Damagaram shi ne, kafin zuwan Turawa ba ta da sarki ɗaya mai iko da ƙasa duka. Kowane ƙauye dattawansa ne ke riƙe da shi, tare da masu kula da al'adun gargajiya na ƙasa da ruwa da noma. A ƙarni na 19 yankin ya shiga zaman ɗar-ɗar: Buzayen Imanan sun kafu a Bonkuku, na Tagazar a wajen Baleyara, ga kuma hare-haren Iwillimidan daga arewa. A irin wannan hali ne jarumai masu dawaki suka yi suna, ana ce musu mayaƙa. Aikinsu kare gari ne da kai hari, ba mulkin jama'a ba.

Wannan bambanci ne ya zama tushen rikicin da ya biyo baya.

Zuwan Faransawa da yaƙin 1916

A farkon shekarun 1900 sojojin Faransa suka kafa sansani a Filinge, saboda garin yana kan hanyarsu daga kogin Kwara zuwa Tawa da Damagaram. Kamar yadda suka yi a wasu wurare, sun nemi mutum ɗaya da za su riƙa bai wa umurni, shi kuma ya tara musu haraji da ma'aikata da abinci. Sai suka ɗauko Mayaƙi Gado Namalaya, ɗaya daga cikin jaruman yankin, suka ɗora shi a kan Kurfai baki ɗaya.

Ƙawancen ya ƙara ƙarfi a 1916. A shekarar ne Firhun, sarkin Buzayen Iwillimidan na yankin Menaka, ya tsere daga hannun Faransawa a Gawo, ya tayar da tawaye. A watan Afrilu dakarunsa suka kawo wa Filinge hari, amma sojojin Faransa da mahayan Kurfai suka kore su. A watan Mayu aka sake cin su da yaƙi a Andarambukan, a watan Yuni kuma aka kashe Firhun.

Ga Kurfayawa da suka daɗe suna shan hare-hare daga arewa, wannan nasara ce. Sai dai ta ƙara wa gidan sarauta ƙarfi a idon Turawa, talaka kuma nauyinsa ya ƙaru. Akwai harajin kai, wanda mutanen Nijar ke kira lanho. Akwai aikin tilas na gina hanyoyi da gidajen hukuma, ga ɗibar samari aikin soja, ga tara hatsi da dabbobi idan bature zai wuce. A 1922 aka mai da Nijar cikakkiyar ƙasar mallaka, a 1926 kuma aka dawo da babban birni daga Damagaram zuwa Yamai, wanda gininsa ya ci ƙarfin mutanen yammacin ƙasar.

Shibo da Babule

A cikin wannan matsi ne, a 1925, wata mata 'yar Shikal mai suna Shibo ta zo da wani abin da ba a saba gani ba a wasan bori. A wancan zamani bori yana da ƙarfi a Kurfai da Arewa da Adar, kuma iskokin da masu yin sa ke ambata sanannu ne. Waɗanda Shibo da mabiyanta suka ce sun hau su kuwa baƙi ne: suna tafiya irin ta soja, suna sara wa juna, suna ba da oda da wani harshe mai kama da Faransanci. Daga cikin sunayensu akwai Gomno Maliya, wato gwamnan Bahar Maliya, da Kafaran Gardi, wato kofur na masu gadi. Mahaifinta, Ganji, yana cikin jagororin tafiyar.

Ana kiran su Babule saboda alaƙarsu da wuta, domin wanda abin ya hau yakan riƙe wuta a jikinsa don nuna cewa ba shi ne ba. Sunan Hauka kuma daga kalmar Hausa ya fito, shi ne ya bi su zuwa ƙasar Zabarma da ƙasashen waje.

Cikin ɗan lokaci samari da 'yan mata suka yi ta shiga. Masanin tarihi ɗan ƙasar Norway, Finn Fuglestad, wanda ya yi nazarin takardun Faransawa na lokacin ya kuma wallafa bincikensa a 1975, ya bayyana yadda mabiyan suka riƙa barin garuruwa suna kafa nasu matsuguni a daji, suna atisaye da bindigogin itace, suna ƙin biyan haraji da zuwa aikin tilas, suna kuma ƙin bin umurnin sarkin da Turawa suka naɗa. Da maganar gadon sarautar Kurfai ta taso, sun ƙi goyon bayan ɗan gidan Gado Namalaya da Faransawa ke so.

Kwamandan da ke riƙe da yankin Yamai a lokacin, Horace Crocicchia, ya sa aka kamo gomman mabiya aka kai su Yamai, aka tsare su, aka yi musu duka don su ce iskokin ƙarya ne. Abin da ya biyo baya shi ne wani sabon iska ya bayyana a cikin jerin na Babule, ana kiran sa Kwamanda Mugu ko Korsasi, wato shi Crocicchia ɗin kansa. Mutumin da ya so kashe tafiyar sai ga shi an mai da shi ɗaya daga cikin 'yan wasanta. Daga baya ya zama gwamna a Kodebuwa da Gini.

Kamu bai hana abin yaɗuwa ba. Ya tsallaka zuwa ƙasar Arewa, wato yankin Dogon Dutse. A 1927 hukuma ta sake dirar musu, ta kori shugabannin zuwa Haute-Volta, wadda yau ake kira Burkina Faso, da kuma Kodebuwa.

Masana sun sha bamban a kan fassarar abin. Fuglestad yana ganin bore ne na talakawa a kan Turawa da sarautar da suka ƙaƙaba. Nicole Echard, wadda ta yi bincike a kan borin Adar da Kurfai, ta duba shi ta fuskar yadda al'umma ke shigar da sabon abu cikin tsohuwar al'ada. Ba'amurke Paul Stoller, a littafinsa na 1995, ya mai da hankali kan yadda kwaikwayon mai iko ke zama hanyar rage masa kwarjini. A yau mutanen Kurfai Musulmi ne, malamai kuma ba sa goyon bayan bori, don haka wasu iyalai ba sa son a tayar da zancen. Amma sanin abin da ya faru daban, yarda da aƙidar da ke cikinsa daban. Abin da takardu suka tabbatar shi ne, shekara 35 kafin samun 'yancin kai, manoman wannan ƙauye sun ce wa haraji da aikin tilas a'a, kuma mace ce a gabansu. Sai a 1946 aka soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulka.

Daga Shikal zuwa Akara

Mutanen yammacin Nijar sun daɗe suna tafiya cin rani zuwa Gwalkwas, wato Ghana ta yau. Yunwar 1931, wadda fara da ƙarancin ruwa suka haddasa, harajin da ba a sassauta ba kuma ya ƙara mata muni, ta sake tura dubban mutane kudu. Sun yi dako a kasuwannin Kumasi da Akara, sun yi aiki a tashar jiragen ruwa da ramukan zinariya. Sun tafi da Hauka tare da su, a can kuma iskokin suka ɗauki kamannin hukumar Ingila: gwamna da janar da direban jirgin ƙasa da matar likita.

A wajen birnin Akara ne Bafaranshe Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa mai suna Les Maîtres fous, wanda ya fito a 1955. Fim ɗin ya jawo ce-ce-ku-ce tun daga nunin farko a Paris. Wasu 'yan Afirka masu ilimi sun ga ya zubar da mutuncin baƙar fata, hukumar Ingila a Gwalkwas kuma ta hana nuna shi saboda ta ga izgili ne gare ta. Duk da haka ya samu kyauta a bikin fina-finai na Venice a 1957, kuma har yanzu ana koyar da shi a jami'o'i. Rouch ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Konni a watan Fabrairun 2004, an binne shi a Yamai.

Ɗalibin da ya kalli fim ɗin a Berlin ko Toronto yakan ɗauka labarin Ghana ne. Asalinsa kuwa yana wannan ƙauye na Kurfai.

Fari da ginin da ba ya cin itace

Babban farin 1973 zuwa 1974 ya kashe dabbobi da itatuwa a faɗin Sahel, Kurfai kuma tana cikin wuraren da abin ya fi shafa. Bayansa ne wata ƙungiya ta ƙasar Kanada mai suna ISAID ta buɗe wani shiri a Shikal da ake kira Tapis Vert, ma'ana koriyar shimfiɗa, don yaƙi da hamada da inganta noma.

Ɗaya daga cikin matsalolin da aka lura da su ita ce rufin ɗaki. Soron gargajiya yana bukatar azara ko manyan gungume, da tarin ƙananan itatuwa da ake jerawa a kai kafin a zuba ƙasa. Da itatuwa suka yi ƙaranci, sai magidanci ya sayi azara da tsada daga nesa, ko ya sare ɗan abin da ya rage a daji, ko kuma ya koma wa kwano, wanda ke da zafi da rana, ga tsada.

A 1980 shirin ya gayyato ƙungiyar magina ta Development Workshop, waɗanda suka koyi wata tsohuwar fasaha ta mutanen Nuba a kudancin Masar, irin wadda shahararren mai zanen gine-gine Hassan Fathy ya farfaɗo da ita. A Shikal suka fara koyar da ita a yankin Sahel.

Yadda ake yi shi ne: ana buga ƙananan bulo na laka a shanya a rana. Idan rufi mai baka ake so, sai a jingina layin farko a jikin bangon ƙarshe, a ɗan karkace, kowane layi ya kwanta a kan wanda ya gabace shi har a rufe ɗakin, ba tare da an tokare da katako ba. Idan ƙubba ce, sai a kafa ma'auni a tsakiyar ɗaki wanda ke juyawa, yana nuna wa magini inda kowane bulo zai zauna. Hausawa dama suna da ɗaurin guga da bakan gizo a gine-ginensu, amma waɗancan azara ce ƙashinsu. Wannan kuwa ƙasa ce zalla.

Amfaninta a fili yake: ba a sare itace, gara ba ta da abin ci, ɗaki yana da sanyi da rana, kuɗin kuma yana tafiya ne ga magina da leburorin gari maimakon 'yan kasuwar kwano da siminti. Tana da nata sharuɗɗa. Bango sai ya yi kauri don ya ɗauki nauyin rufin, magini sai ya samu horo sosai, kuma dole a riƙa duba yaɓe da indararo kafin kowace damina, in ba haka ba ruwa ya kwanta a sama ya yi ɓarna. Daga Shikal fasahar ta tafi Iferwan a ƙasar Abzin, daga baya ta shiga Mali da Burkina Faso, aka horar da magina masu yawa.

Farin 1984 ya sake gwada yankin. A shekarun 1990 wani shiri da ƙasar Jamus ta tallafa, mai suna PASP, ya yi aiki a arewacin Tilaberi har da gundumar Filinge, wajen farfaɗo da ƙasar da ta mutu. Dabarun su ne waɗanda manoman Nijar suka sani yau: jera duwatsu a gona don rage gudun ruwa, haƙa rabin wata a faƙo, da tassa, wato ƙananan ramuka da ake zuba wa taki a shuka a ciki.

Abin da baƙo zai gani a yankin

Bayan ƙauyukan Shikal da rumbunansu da gonakinsu, akwai wurare da dama a kewaye da suka cancanci a san su.

Kasuwar Filinge tana ci ranar Lahadi. A nan Bahaushe manomi da Bazabarme da Buzu da Bafillace ke haɗuwa, ana cinikin shanu da raƙuma da awaki da hatsi da tabarmi da kayan fata. Kasuwar Baleyara, wadda ita ma ke ci ranar Lahadi, tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na yammacin Nijar, daga nan ake loda dabbobi zuwa Yamai da ƙasashen kudu.

Kimanin kilomita 20 arewa da Filinge akwai Tukunus, gidan gonar gwamnati mai faɗin sama da hekta 4,000. Tun 1954 ake tace irin shanun Azawak a wurin, aikin da aka faro a Filinge a shekarun 1930. Saniyar Azawak tana cikin waɗanda suka fi ba da nono a Sahel, ga juriyar zafi da ƙishirwa, shi ya sa makiyaya daga Nijar da maƙwabta ke neman bijiman Tukunus. Yankin ya kuma yi suna wajen cuku.

A kudu, cikin ƙasar Tondikandiya, akwai Fandu, mahaifar Janar Seyni Kountché wanda ya mulki Nijar daga 1974 zuwa 1987, a can kuma aka binne shi. Filinge ita ce mahaifar Adamou Mayaki, wanda ya riƙe ministan harkokin waje a gwamnatin Diori Hamani. Ɗansa Ibrahim Assane Mayaki ya zama firaminista daga 1997 zuwa 2000, daga baya ya shugabanci hukumar NEPAD ta Tarayyar Afirka.

Can ƙasa a cikin wannan kwari na Dallol Boso, wajen Kure, raƙuman dawa na ƙarshe a Afirka ta Yamma suke kiwo.

Matsalar tsaro

Duk wanda zai yi maganar ziyara a yankin dole ya faɗi gaskiyar halin da ake ciki. Tun 2012, da rikicin arewacin Mali ya ɓarke, 'yan gudun hijira suka fara sauka a Abala. A 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a wasu gundumomin Tilaberi da ke kan iyaka. A watan Disamban 2019 an kashe sojoji 14 a wani kwanton ɓauna a yankin Sanam. Ranar 9 ga Janairun 2020 aka kai hari barikin Shinagodar, sojoji 89 suka rasu. A watan Maris na 2021 an kashe mutum 58, akasarinsu masu dawowa daga kasuwar Banibangu. Harin Kure na watan Agustan 2020, wanda ya ci rayukan Faransawa shida da 'yan Nijar biyu, ya durƙusar da ɗan abin da ya rage na yawon buɗe ido.

Hana hawa babur da aka yi a wasu sassan jihar ya taɓa rayuwar matasa ƙwarai, domin kabu-kabu sana'a ce, kuma da babur ake kai mara lafiya asibiti. Makarantu da dama a jihar sun rufe, iyalai sun bar ƙauyuka sun koma manyan garuruwa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, hukumomin soja sun rusa majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilun 2024, suka naɗa kantomomi. Wanda ke son zuwa yankin yanzu, wajibi ne ya tuntuɓi 'yan uwa da hukumomi a kan halin hanya kafin ya tashi.

Idan mutane suka watse, ba gona da gida kaɗai ake bari ba. Tsohuwar da ta san sunayen rijiyoyi da waɗanda suka haƙa su, idan ta koma zaman gudun hijira a bayan gari, da wuya a samu mai tambayarta.

Darasi daga ƙauyukan Jamus

'Yan Nijar da ke zaune a Jamus sun san wani abu game da ƙauyukan ƙasar. Ƙauyen da bai kai mutum 1,000 ba sai ka tarar yana da littafin tarihinsa, da ƙungiyar masu kula da kayan tarihi, wani lokaci har da ɗan gidan ajiya da aka tara tsofaffin garemani da hotuna da takardu. A jikin tsohon gini akwai allo mai bayanin shekarar da aka yi shi. Tun 1961 ƙasar ke gudanar da gasar ƙauyuka, wadda yanzu ake kira Unser Dorf hat Zukunft, ma'ana ƙauyenmu yana da makoma. Galibin wannan aiki malaman makaranta da suka yi ritaya da 'yan sa-kai ne ke yin sa, ba gwamnatin tarayya ba. Su ma ƙauyukan nasu suna fama da ƙaurar matasa zuwa birni, shi ya sa suke rubutawa.

Shikal ba ta rasa abin rubutawa ba, kuma kayan aikin suna nan. Rahotannin kwamandojin Filinge suna gidan adana takardu na ƙasa a Yamai, wasu kuma suna Aix-en-Provence a Faransa. Cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni da cibiyar CELHTO, wadda aka kafa a 1968 don tattara tarihin baka, duk suna Yamai. Filinge tana da ƙawance da garin Athis-Mons na Faransa. Tun watan Maris na 2025 kuma, sabon kundin da hukumomin Nijar suka ƙaddamar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, abin da ke ƙara hujjar a fassara waɗannan rubuce-rubuce zuwa harshen mutanen da aka yi su a kansu.

Akwai abin da ba ya bukatar jiran kowa. Wayar da ke hannun kowane matashi tana ɗaukar murya. Wanda ya je gida da salla ko bayan girbi zai iya zama da kakarsa ko kawunsa na awa ɗaya, ya tambaye su wa ya kafa unguwarsu, daga ina aka zo, me aka ci a shekarun yunwa, wa ya tafi Kumasi bai dawo ba, wane magini ne ya koyi ginin ƙubba a 1980. A rubuta sunan mai magana da ranar da aka yi hirar, a ajiye a wuri fiye da ɗaya. Ƙungiyoyin 'yan Kurfai da ke Yamai da Kwatano da Legas da Turai, waɗanda ke tara kuɗi a dandalin WhatsApp don gyaran rijiya ko masallaci, za su iya ware wani abu don ɗaukar hoton tsofaffin gine-gine da yi musu yaɓe, da biyan ɗalibi ɗaya ya tattara hirarrakin a littafi.

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Dattawan da suka ji labarin Shibo daga bakin iyayensu, da maginan da suka ɗora bulon farko a 1980, wasunsu suna raye, kuma ana iya samun su a waya.